A kashe fankar da ke ba da wuta lafiya saboda rigimar takarda, alhali wuta ba ta isa?

Mai Hawan Fanka ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma na san a cikinmu akwai masu karatun shari'a da masu aikin wuta, shi ya sa na kawo ta nan.

Aikina gyaran injinan iska ne, manyan fankokin nan da ke ba da lantarki. Shekara tara ke nan ina hawansu a yammacin ƙasar Ayilan. Tashar da na fi zuwa tsohuwa ce, fankokinta ƙanana ne idan aka gwada da na yanzu, kowace kilowat 850. Izinin shekara 20 aka ba ta, kamar yadda aka yi wa da dama daga cikin tashoshin wancan lokacin, kuma wa'adin ya ƙarato. Masu tashar sun nemi ƙarin lokaci, wasu maƙwabta sun kai ƙorafi, magana tana gaban hukuma, ba wanda ya san ranar da za a yanke. Idan wa'adi ya cika ba a yanke ba, sai mu sa birki mu sauko. Injinan kuwa lafiyarsu lau. Ni nake ɗaure notinansu, ni nake ɗibar man giyabos ɗinsu ina aikawa gwaji, na san wadda ke gurnani da sanyin asuba da wadda ba ta taɓa ba mu wahala ba. Shekara 20 da ake faɗa lissafin masu ƙira ne tun kafin a kafa su. A Danmak akwai wata fanka a Tvind da take juyawa tun 1978.

Abin da ya sa hankalina ya ƙi kwanciya shi ne na ga yadda ta kaya a Derrybrien, a kan duwatsun Slieve Aughty da ke yankin Galway a nan Ayilan. Fankoki 70 ne a wurin, megawat 59.5, irin girman waɗanda nake gyarawa. A watan Oktoba na 2003, ana cikin aikin kafa su, ƙasar dutsen ta zame. Ƙasa ce ta ruɓaɓɓen ciyayi da ta sha ruwa kamar soso, ta gangaro ta bi rafi, ta kashe kifi kimanin dubu 50. Daga baya ta tabbata ba a yi cikakken binciken illa ga muhalli ba kafin a ba da izini. Kotun Tarayyar Turai ta kama Ayilan da laifi a 2008, ba a gyara ba, a watan Nuwamba na 2019 ta ci ƙasar tarar yuro miliyan 5, da ƙarin yuro dubu 15 a kowace rana har sai an gyara. A Fabrairun 2022 hukumar ɗaukaka ƙara kan izinin gine-gine, An Bord Pleanála, ta ƙi ba da izinin gyara kuskuren baya. Kamfanin wutar lantarki na ESB, mai tashar, ya tsayar da fankokin, a watan Maris ya ce zai cire su gaba ɗaya.

Ku dubi watan. A cikin Fabrairun nan ne Rasha ta afka wa Yukiren. Kafin ƙarshen Agusta farashin gas a kasuwar Turai ya haura yuro 300 a kan kowane megawat na awa ɗaya. Nan ƙasar ana ta gargaɗin cewa wuta za ta iya gazawa da hunturu, gwamnati na neman injinan gaggawa masu ƙona mai da gas. Ga kuma fankoki 70 a tsaye kan dutse, iska na wucewa ta tsakaninsu. Na sha bin hanyar da ake hango su daga nesa, kuma duk lokacin da na gan su shiru sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Mutane suna ɗauka idan an tsayar da fanka kamar an ajiye mota ne a rumfa, ranar da aka so a tayar. Ba haka ba ne. Akwai wata tamu da ta yi wata biyar a tsaye saboda saɓani da mai filin da hanyar shiga ta ratsa, ya sa kwaɗo a ƙofar gonarsa, motar kaya ba ta iya wucewa. Ranar da aka sasanta ni na fara hawa. Tun daga gindin hasumiya warin danshi ya tare ni. Tsani ya yi santsi, safar hannuna ta jiƙe kafin in kai rabi. Da na leƙa ɗakin inji can sama, faifan birki ya yi jajir da tsatsa, giris ɗin babban boris ya rabu, mai a gefe, dasƙararre a gefe. Na auna janareta na tarar danshi ya shiga wayoyinsa, sai da muka kwana uku muna gasa shi da na'urar ɗumama kafin mu yarda mu ba shi wuta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne boris. Idan inji yana tsaye iska na girgiza shi, ƙwallayen boris suna dukan wuri ɗaya dare da rana babu mai a tsakani, har su yi ɗan rami. Ba ka gani da ido ranar farko. Bayan wata takwas muka fara jin ƙara, aka ɗauko babbar ƙugiya aka sauke shi. Wata biyar kawai ke nan. Fankar da ta yi shekara biyu tana jiran hukunci, ko an ce a tayar da ita daga baya, ba ita ce wadda aka kashe ba.

To ga tambayata. Idan tasha ta riga ta tsaya da ƙafarta, tana ba da wuta, injiniyoyi sun duba sun ce ba ta da haɗari, sannan rigima ta taso kan izini, me zai hana a bar ta tana juyawa har a gama shari'a, a ci masu laifi tara, a gindaya sharuɗɗa? Kifin da ya mutu a 2003 ba zai dawo ba don an kashe fanka a 2022. Kuma cire fankoki 70 yana nufin a sake shigar da manyan motoci da ƙugiyoyi kan wannan ƙasa mai laushi da ta taɓa zamewa. Wa aka taimaka?

Baba Lauya ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya tsare ka a wannan hawa da sauka. Na karanta da kyau, kuma bayaninka kan boris ya koya mini abin da ban sani ba. Amma ka haɗa abubuwa biyu a kwando ɗaya, ni kuwa zan raba su.

Tasharka daban, Derrybrien daban. Taku an ba ta izini bisa ƙa'ida, ta yi shekarunta, yanzu wa'adi ne ke ƙarewa. A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Bai dace jinkirin ofis ya kashe inji mai lafiya ba, kamata ya yi tsohon izini ya ci gaba da aiki har ranar da aka yanke hukunci kan sabon. Ko ita Tarayyar Turai ta gane haka, domin a dokar gaggawa da ta fitar a Disamban 2022 ta ce neman izinin sabunta tsohuwar tasha kada ya wuce wata shida.

Derrybrien kuwa tun tushe aka tsallake mataki. Dokar Turai ta 1985 ta ce babban aiki irin wannan sai an binciki illarsa kafin a ba da izini. Kalmar "kafin" ita ce gishirin dokar. Kuma ka lura, hukuncin 2008 bai tsaya kan wannan dutse kaɗai ba, ya taɓa al'adar da ake da ita a ƙasar ta mutum ya gina abu sannan ya je ya nemi a halatta masa. Idan aka ce duk wanda ya riga ya zuba kankare ya tsira saboda ana bukatar abin da yake samarwa, to kowane mai kuɗi ya samu dabara: ka yi sauri ka gina, ka bar lauyoyi su ja lokaci, tara kuma ka sa ta cikin kuɗin aiki. Ka ce a ci masu laifi tara. Wa ya biya tarar Derrybrien? Ƙasa aka ci, wato masu biyan haraji, har da mutanen ƙauyen da laka ta gangaro musu. Yuro dubu 15 a rana ya kusa miliyan biyar da rabi a shekara. Kuma daga 2008 zuwa 2019 shekara goma sha ɗaya ce, duk a cikinsu fankokin suna juyawa, ana sayar da wuta. Abin da kake roƙo, a bar ta tana aiki har a gyara, an yi shi a can, sai dai gyaran ne ba a yi ba. Da an yi binciken a 2009 ko 2010, da wataƙila yau kana cikin masu hawansu.

Ba a Turai kaɗai ake haka ba. A jihar Oklahoma ta Amurka, a Disamban 2023 wata alƙaliya ta ba da umarnin a cire fankoki 84 daga ƙasar al'ummar Osage, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, saboda an haƙa dutsen ƙarƙashin ƙasarsu an yi amfani da shi wajen kafa ginshiƙai ba tare da izininsu ba.

Amma ƙofar da kake nema tana nan, sai dai ƙarama ce. A Yulin 2019 Kotun Turai ta yi hukunci kan tashar nukiliya ta Doel a Beljiyam, inda aka tsawaita rayuwar injina biyu ba tare da binciken muhalli ba. Ta ce kotun ƙasa za ta iya barin su su ci gaba da aiki na ɗan lokaci idan akwai haɗari na gaske, mai tsanani, na katsewar wuta, wanda ba wata hanyar magance shi, kuma iyakar lokacin da za a ɗauka a gyara kuskuren. Matsalar ita ce megawat 59.5 da wuya ya cika wannan sharaɗi, domin gwamnati ba za ta iya rantsewa cewa ƙasa za ta shiga duhu idan babu shi ba.

Maman Biyu ta amsa:

Sallama gare ku. Malam Mai Hawan Fanka, ni ina cikin irin maƙwabtan da ka ce sun kai ƙorafi, ko da yake ba a tasharku ba, a wani yanki muke. Gidanmu bai kai kilomita ɗaya daga fanka mafi kusa ba. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ƙasa, tunda kai daga sama kake gani.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, idan gari ya yi haske, wajen ƙarfe uku na yamma rana tana saukowa daidai bayan fankar. Sai inuwar fukafukan ta fara shigowa ta tagar kicin. Haske, duhu, haske, duhu, kamar wani yana wasa da makunnin fitila. Labule ba ya tare shi, bango ne gaba ɗaya ke ƙiftawa. Ƙaramar 'yata tana aikin makaranta a teburin nan, sai ta rufe ido da tafin hannu ta ce kanta yana juyawa. Minti ashirin ne zuwa ashirin da biyar, ba wai yini ba ne, amma lokacin ne yara ke dawowa. Na yi shekara uku ina kiran lambar da aka manna a ƙofar tashar. Wani lokaci ba a ɗauka, wani lokaci a ce an rubuta. Ƙa'idar da ake bi ta 2006 ce, ta ce inuwar kada ta wuce awa 30 a shekara ko minti 30 a rana ga gidajen da ke cikin mita 500. Mu mun ɗan wuce mita 500, sai aka ce ba mu ciki. An fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida a 2019, muka yi ta jira.

Ka san ranar da aka fara ɗaukar wayata? Ranar da suka shigar da takardar neman ƙarin wa'adi. Cikin mako biyu mutum biyu suka zo har falona da na'urar awo.

Ni ba na so a cire su. Wallahi ba na so. Ina biyan kuɗin wuta kamar kowa, na ga yadda takardar ta kumbura a 2022. Amma idan aka yi yadda kake so, aka ce izini ya riƙa sabunta kansa muddin inji na da lafiya, to ranar nan guda da ake jin muryarmu ita ma an ɗauke mana. Saura kotu, kuma ba kowa ke da ƙarfin kotu ba. A Maris na 2024 babbar kotun ƙasar ta yarda cewa ƙarar da wata fanka ke yi a yankin Wexford ta zama cutarwa ga maƙwabta, amma sai da aka shafe makonni da yawa ana zaman shari'a. Ni ina zan samu kuɗin wannan?

Mai Hawan Fanka ya amsa:

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Shekara goma sha ɗayan nan da kuka ambata ta rufe mini baki kan Derrybrien, ban taɓa kallon abin ta wannan gefen ba. Har yanzu ina ganin cire su asara ce, amma na yarda ba ranar da aka kashe su aka yi asarar ba.

Hajiya, maganarki ta fi taɓa ni, domin abin da ya dame ki shekara uku aikin yini ɗaya ne a wurina. Wata 'yar na'ura ce mai auna hasken rana ake ɗaurawa a jikin hasumiya, a shigar wa kwamfutar fankar inda tagarki take. Ita ta san inda rana za ta kasance a kowane minti na shekara. Idan lokacin ya yi kuma akwai rana, sai fankar ta juya fukafukanta ta tsaya, inuwa ta wuce, ta tashi da kanta. Na ɗaura irinta da hannuna. Wutar da ake rasawa a shekara ba ta taka kara ta karya ba. Haka ƙara: ana iya rage gudun juyawa da dare idan iska na kaɗawa ta wajen gidaje. Haka jemagun da fanka ke kashewa, sun fi yawo a daren bazara lokacin da iska ba ta da ƙarfi, lokacin da fankar ma ba wata wutar kirki take bayarwa ba, don haka tsayar da ita a waɗannan awoyi ba ya cin komai sosai. A tsibirin Smøla na Norwe an gwada shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye a waɗannan fankoki ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Tsakanin "a bar ta yadda take" da "a kashe ta" akwai fili mai faɗi, mu masu sifana a hannu mun san shi, amma ba a shiga sai wuƙa ta kai ƙashi. Ba na neman a ɗauke miki ranarki. A zauna a ji ki, a rubuta sharaɗin inuwa da na ƙara cikin sabon izini, a sa wa'adin cikawa, wanda ya saɓa a tsayar masa da fankar da ta yi laifin. Roƙona kawai kada a kashe duka tashar a watannin da ake wannan zama. Ba zan ɓoye ba, abincina a nan yake, ina da iyali. Amma ko da gobe na canja aiki ra'ayina ba zai canja ba.

Wani abu kuma da ya kamata maƙwabta su sani: idan aka ƙi tsawaita wa'adin ƙananan, abin da ke biyo baya sau da yawa ba fili ne fayau ba. Neman izinin sababbi ne, ƙalilan amma dogaye, masu kai mita 150 zuwa sama, inuwarsu ta fi nisa.

Ɗan Layin Wuta ya amsa:

Abokina, ni a ɓangaren rarraba wuta nake, zan ɗan rage maka gishiri a wuri ɗaya in ƙara maka a wani.

Kada mu ce tashar iska ce ke hana ɗaukewar wuta. Daren da muke tsoro shi ne na tsakiyar hunturu, ƙarfe biyar zuwa bakwai, sanyi ya sauko, iska ta kwanta ɗif. A irin wannan dare fanka 70 da fanka 700 duk ɗaya ne. Mun ga haka a sanyin Disamban 2022. Kuma akwai ranakun da iska ke yawa har a umarci tashoshi su rage, ko don layin yankin ya cika, ko don EirGrid, mai kula da babban layin wutar ƙasar, ba ta barin wutar iska da makamantanta su wuce wani kaso a lokaci guda, wanda aka ɗaga zuwa kashi 75 a 2022.

Inda hujjarka ke da ƙarfi shi ne gas. Tashar gas mai kyau tana ƙona kusan ninki biyu na abin da take fitarwa a matsayin lantarki. Mafi yawan gas ɗin ƙasar nan ta bututu yake zuwa daga Moffat a Sikotland, rijiyar gas ta cikin gida, Corrib, kuma tana ja baya. Duk awar da fanka ta juya, gas ne ba a saya ba. Ga bukata na hauhawa, cibiyoyin adana bayanan kwamfuta kaɗai sun sha kashi 21 cikin ɗari na wutar da aka auna a 2023.

Sannan abin da ba a cika faɗa ba: mafi tsada a tsohuwar tasha ba fankokin ba ne, mahaɗarta da babban layi ce. Taransifoma, turaku, hanya, duk suna nan an gama rigimarsu tun shekara 20 da suka wuce. Sabuwar tasha takan yi shekaru tana jiran wannan.

'Yar Makaranta ta amsa:

Kawu, ni a Norwe nake karatu, kuma abin da kake nema an yi shi a nan, sai dai ina so ka ji yadda ya kasance ga waɗanda aka yi shi a kansu.

A yankin Fosen akwai tashoshi biyu, Storheia da Roan, fankoki 151. An kafa su a makiyayar hunturu ta al'ummar Sami, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara. Dabbobin suna gudun wurin da fankoki suke. Makiyayan sun ƙi tun farko, aka bar kamfanoni suka fara gini shari'a ba ta ƙare ba. Ranar 11 ga Oktoba 2021 Kotun Ƙoli ta ce lasisin bai inganta ba, domin ya tauye haƙƙinsu na raya al'adarsu. Amma kotun ba ta faɗi abin da za a yi da fankokin ba, sai suka ci gaba da juyawa. Kwana 500 bayan hukuncin, a Fabrairun 2023, matasan Sami suka je suka zauna a harabar ma'aikatar makamashi a Oslo, daga baya suka tare ƙofofin wasu ma'aikatun, 'yan sanda na ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin gwamnati ta ba da haƙuri. An sasanta da makiyayan kudu a Disamban 2023, da na arewa a Maris 2024: fankoki su ci gaba, a riƙa biyan diyya duk shekara, a nemo musu ƙarin makiyaya, kuma idan wa'adin lasisi ya ƙare ba za a sabunta ba sai da yardarsu.

Za ka ce ai ga shi an yi yadda ka faɗa, wuta ba ta tsaya ba kuma an biya. Haka ne. Amma wata abokiyar karatuna 'yar Sami ce, na ga fuskarta a kwanakin nan. Mutanen da suka ci shari'a a kotu mafi girma ta ƙasarsu, su ne suka kwana a kan siminti cikin sanyi kafin a kula su. Wanda fankarsa ke juyawa ba ya gaggawa, kowace rana riba ce gare shi. Wanda aka zalunta shi ne ke tsufa yana jira. Idan za a bar tasha tana aiki lokacin rigima, to kuɗin da take samu a wannan lokacin kada ya shiga aljihun mai ita, a tsare shi a wani asusu har a gama. Ina ganin da haka aka yi a Fosen, da ba a kai kwana 500 ba.

Mai Hawan Fanka ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan na asusu ban taɓa tunaninsa ba, kuma ya dace da aikina, domin abin da fanka ke bukata don ta rayu ba shi da yawa: kuɗin mai da giris, kayan gyara, albashin masu hawa, inshora. A fitar da wannan, sauran a kulle. Inji bai lalace ba, gas bai ƙonu ba, mai tasha kuma shi zai riƙa bin hukuma yana roƙon a yi sauri. Baba, ku da kuka san doka, akwai abin da zai hana hukuma ta sa irin wannan sharaɗi a izinin wucin gadi, ko sai majalisa ta yi sabuwar doka? Ina so in sani kafin zaman jin ra'ayin jama'a da za a yi kan tasharmu, domin na yi niyyar in je in yi magana da bakina, ba a madadin kamfani ba.

Hajiya, kafin hunturu ya shigo ki samu ɗan littafi. Duk ranar da inuwar ta shigo ki rubuta kwanan wata, minti da ta fara da minti da ta ƙare, ki ɗauki bidiyon bangon kicin ɗin da waya. Kowace fanka tana da lamba, yawanci a jikin ƙofar hasumiya ko a allon bakin hanya, ki nemo ta wadda ke gaban tagarki ki rubuta. Kwamfutar fankar tana ajiye bayanin kowane minti goma, gudunta da inda ta fuskanta, don haka idan lokutanki suka yi daidai da nata ba wanda zai iya musa miki. Ki kai musu kwafi, ki kai wa ƙaramar hukuma kwafi, ki riƙe na asali a hannunki.